Achille Gaggia, Mai Injin Gahawa Na Liba

An haifi Achille Gaggia a birnin Milan ta ƙasar Italiya cikin 1895. Ba injiniya ba ne, mai sayar da gahawa ne a shagon gidansu, kuma a nan ya lura da abin da ke ɓata wa masu sha rai. Injunan zamanin nan da tururi su ke aiki, tururi kuwa ya kan ƙona garin, gahawa ta fito da ɗaci da ƙauri.

Ya yi shekaru yana gwaje-gwaje. Cikin 1938 ya yi rajistar wata dabara ta tura ruwan zafi ba da tururi ba, amma sai bayan Yaƙin Duniya Na Biyu, cikin 1947, ya kai ga wadda ta fito da sunansa. Ga yadda ta ke. Mai haɗawa ya kan janyo wani dogon mariƙin ƙarfe, watau liba, zuwa ƙasa, ya danne wani ƙaƙƙarfan sifirin, ruwan zafi ya shiga. In ya sassauta, sifirin ya tura fistin, fistin ya matse ruwan ta cikin garin da ƙarfin da ya ninka nauyin iska sau takwas ko fiye. Sai ga wani kumfa ja-ja a bakin ƙoƙo, wanda mutanen Italiya ke kira crema. Masu sha suka yi ƙyanƙyaminsa da fari, Gaggia kuwa ya mai da shi abin talla. Cikin 1948 aka fara ƙera injin don sayarwa, da taimakon Ernesto Valente, mai kamfanin Faema.

To, amma a nan mu ke ganin aikin Gaggia bai cika ba. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo a fadamun ƙasar Gwandu ya san yadda sanda ke zabura sama in an saki guga ba ruwa. Haka libar nan. Garin da aka danƙare shi ne ke riƙe ta, ta tashi sannu sannu. In an manta zuba gari, ko ba a ɗaura mazubinsa sosai ba, babu abin da zai tare sifirin, sai liba ta ƙwace ta bugi haɓa ko haƙora. Wanda kuma ya yi gaggawar kwance mazubi tun liba ba ta gama tashi ba, tafasasshen gari ya fantsamo masa. Injin ba shi da abin da zai hana wannan, sai dai horon mai aiki: ya kau da fuska gefe, kada ya ɗauke hannu sai ya ji garin ya kama.

Gaggia ya rasu cikin 1961. A shekarar nan ce Valente ya fito da injin E61, wanda famfon lantarki ke tura wa ruwa, shaguna suka yi ta komawa gare shi. Amma mutanen Napoli da yawa ba su rabu da liba ba har wa yau.