MARIGAYI MUSA ƊANƘWAIRO: DAGA GONA ZUWA ƘOFAR FADA

Duk wanda ya saurari kiɗan kotso na marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun zai iya zaton a soron sarki aka haifi wannan kiɗa. Amma tarihin mai shi ya nuna cewa a bakin kunya ya fara, a tsakiyar damina, inda manoma ke sunkuye da garma.

An haifi Musa a farkon ƙarni na 20 a ƙasar Bakura, cikin Lardin Sakkwato na wancan zamani, watau Jihar Zamfara ta yau. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, kuma gadon kiɗan ya yi. Tun Musa yana yaro yake bin mahaifin nasa gonaki yana amshi. A cikin 'yan amshin akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, to da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo, sunan da ya bi shi har kabari.

Shi kiɗan noma aiki ne, ba shagali kawai ba. Manoman karkarar Kano, irin su na Rimin Gado, sun san yadda gayya take: mai gona ya gayyaci samarin gari, su jeru kowa da kunyarsa, makaɗi ya biyo su da ganga yana kiran sunan kowane jarumi da na ubansa. Idan hannu ya yi sanyi, ganga ta zaburar da shi. Idan rana ta take, amshi ya ɗauke gajiya. Makaɗin da bai iya daidaita bugunsa da saran garma ba, ba a sake gayyatarsa. A wannan makaranta Ɗanƙwairo ya koyi abu biyu: riƙe jama'a da yawa a kan kari ɗaya, da kuma sanin kirarin da ke motsa zuciyar namiji.

Daga baya gidan nasu ya koma ƙasar Maradun, suka zama makaɗan Sarkin Maradun, aka ajiye gangar noma aka rataya kotso. Kotso kuwa ƙaramin abin kiɗa ne mai siririn ƙugu da fata a baki ɗaya, ana buga shi da yatsu, ana matsa tsirkiyarsa don sauya murya, kuma na sarakuna ne. Bayan mahaifinsu, wansa Kurna ne ya ja ragamar ƙungiyar, Musa yana biye da shi, kafin ya kafa tasa.

Da haka kalandar aikinsa ta sauya. A da, ruwan sama ne ke kiran makaɗi, daga noman farko zuwa maimai har kaka. A fada kuwa hawan Salla ne, da naɗin sarauta, da saukar manyan baƙi. Wurin ma ya sauya, daga fili buɗaɗɗe zuwa ƙofar fada da zaure, inda katanga ke mayar da amon kotso, kuma tilas kowace kalma ta fito sarai domin sarki da fadawa suna auna ta. Duk da haka tsarin gayya bai bar shi ba. Shi ya ɗauko zance, 'yan amshi su tarbe shi su ƙarasa, kotsuna su cike tsakani, babu mai shiga kunyar wani. Wannan haɗin baki shi ne ya bambanta ƙungiyarsa da ta sauran makaɗan fada.

Sunansa ya game Arewa ne a zamanin Firimiya, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi wa waƙoƙi har zuwa rasuwarsa a 1966. Ya kuma yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, gidajen rediyo suka kai muryarsa ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taka ba. Allah ya yi masa rasuwa a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da sana'ar.

Abin lura shi ne, waƙoƙinsa na fada suna nan a faifai, amma makarantar da ta rene shi tana ja da baya, domin ƙodago da maganin ciyawa sun rage gayya a wurare da dama. Ya kamata hukumomin al'adu da sassan Hausa na jami'o'inmu su hanzarta ɗaukar kiɗan makaɗan noman da suka rage, tun suna raye. Idan aka bar gangar noma ta yi shiru, daga wace gona wani Ɗanƙwairon zai fito?

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, amin.