Abubakar Imam: Malamin Midil Da Ya Ba Yaran Hausa Labarin Kasada Da Harshensu

A Birtaniya, littafin da ya kafa harsashin labaran 'yan fashin teku na yara shi ne Treasure Island, wanda Robert Louis Stevenson ya wallafa a 1883. Yaro ne ya tsinci taswirar dukiyar da aka binne a wani tsibiri, ya shiga jirgin ruwa tare da wani makirin mai dafa abinci mai ƙafa ɗaya, wanda aku ke zama bisa kafaɗarsa. Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma yaranta ba su rasa irin wannan labari ba. Wanda ya ba su shi shi ne Alhaji Abubakar Imam, kuma yana ma'aikacin gwamnati ya yi wannan aiki.

An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, wadda yau take cikin Jihar Neja, maƙwabciyar Babban Birnin Tarayya. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne, don haka da karatun allo da Larabci ya buɗe ido. Daga baya ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya kammala a 1932, ya soma koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. A nan ya san abin da ke kama hankalin yaro da abin da ke sa shi gyangyaɗi.

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar aka samu daga wannan yunƙuri: Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East, sai kuma Ruwan Bagaja na Imam, wanda a lokacin yake da shekara 22.

Ruwan Bagaja yana da duk sinadaran da ke sa yaro ya ƙi ajiye littafi. Akwai abin nema da ke nesa, wato ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Akwai dalilin tafiya mai sosa zuciya, domin Alhaji Imam, jarumin labarin, ya fita ne don ya wanke limamin da ya riƙe shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Akwai kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin gaba kuma abokin yawo, wanda suke ta rama wa juna tsiya gari bayan gari. Abin da teku ya yi wa Stevenson, daji da kasuwa da kotun alƙali da duniyar aljannu suka yi wa Imam. Shi ma jarumin ba waliyyi ba ne. Da wayo da ƙarya da dabara yake tsira, abin da ya sa mai karatu ke dariya alhali zuciyarsa na ɗar-ɗar.

East ya ga baiwar wannan matashi, ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya a 1936 domin ya rubuta littafin karatu na makarantu. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, mai juzu'i uku. A nan ma aku ya bayyana, sai dai ba abin ado a kafaɗa ba ne. Shi ne mai ba da labari, wanda ke riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da hira dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, har daga bisani aka naɗa shi waziri. Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya sauya musu suna da tufafi da harshe, har ɗan Katsina ya karanta ya ɗauka a bayan gidansu abin ya faru.

A watan Janairun 1939 aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta fiye da shekara goma. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya bayyana masa koke-koken Arewa. Labarin wannan tafiya ne ya zama Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi zama a majalisar dokoki, sannan ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981.

Muƙaman da ya riƙe wasu sun gaje su, wasu ma an rushe su tare da tsohuwar Jihar Arewa. Aikin da ya yi wa 'yan makaranta kuwa har yau ana buga shi. Wannan abin tunani ne ga ma'aikacin da ke fita daga Karmo da sassafe zuwa Sakatariyar Tarayya, ya bar yaran da Turanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Yaron da ya saba da labarin 'yan fashin teku ya riga ya san daɗin farautar abin da ke nesa, don haka ba zai sha wuyar bin sawun Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai miƙa masa littafin, ya zauna ya karanta masa babin farko.