Tarihin Likita Banting, Mai Samo Allurar Ciwon Suga

An haifi Frederick Banting ran 14 ga Nuwamba, 1891, a wata gona kusa da garin Alliston, cikin ƙasar Kanada. Shi ne autan 'ya'ya biyar. Ya yi karatun likita a Jami'ar Toronto, ya gama cikin 1916, aka tafi da shi Yaƙin Duniya na Farko. Can aka yi masa rauni a hannu cikin 1918, amma bai bar ɗaure wa 'yan'uwansa raunukansu ba, har aka ba shi lambar jarumta.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da mutumin nan ya shiga nema. A jikin ɗan Adam akwai waɗansu 'yan tsokoki masu tsatso wani ruwa su zuba shi cikin jini. Ruwan nan shi likitoci ke kira homon, watau kamar jakada ne wanda jini ke ɗauka ya kai umurni ga gaɓoɓi na nesa. Ɗaya daga cikin tsokokin nan ita ce fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi. Jakadanta shi ne insulin, shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga naman jiki. In babu shi sai suga ya taru a jini, ya riƙa fita cikin fitsari, mutum yana ci yana ramewa, ƙishirwa kuwa ba ta yankewa. A zamanin nan yaron da ciwon ya kama da wuya ya wuce shekara biyu, iyakar dabarar likitoci su rage masa abinci har ya zama ƙashi da rai.

Tun 1889 aka gane cewa in an cire wa kare fankiriyas sai ciwon suga ya kama shi, amma tatso maganin ya gagara. Cikin Oktoba, 1920, Banting yana zaune ba masu zuwa neman magani wurinsa, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya kai ta ga Farfesa Macleod na Toronto, wanda ya ba shi ɗakin gwaji, da karnuka, da wani ɗalibi, Charles Best. Suka fara aiki cikin Mayu, 1921. Dabarar tasa ta farko, gaskiya, ba ita ta biya bukata ba. Nacinsa ne ya biya. Ruwan da suka tatso yakan saukar da sugan kare, amma yana da dauɗa, sai da James Collip ya tace shi. Ran 23 ga Janairu, 1922, aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar tataccen, ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. Insulin ba ya warkar da ciwon, yana tsare rai ne muddin ana yin allurar.

Cikin 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting mutum ne mai zafin rai, ya fusata ƙwarai da aka bar Best, ya raba rabonsa biyu ya ba shi rabi. Macleod shi ma ya raba nasa da Collip. Haƙƙin mallakar maganin kuwa an sallama wa jami'ar a kan dala ɗaya ɗaya. Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir cikin 1934.

Ya rasu ran 21 ga Fabrairu, 1941, yana da shekara 49, bayan jirgin saman da zai kai shi Ingila kan aikin yaƙi ya faɗi a tsibirin Newfoundland.