Robert Trumpler, Mai Ƙidayar 'Ya'yan Kaza

Tun ina yaro na san Kaza, watau taurarin nan da ke cure wuri guda a sama. Idona bai taɓa ƙirga fiye da shida ba. Da na fara koyarwa wani ɗalibi ya tambaye ni ko duk tauraron da ke wurin ɗan Kaza ne, na rasa amsa. Neman amsar ya kai ni ga labarin Robert Trumpler.

An haife shi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan cikin 1886. Ya gama karatu a Jami'ar Gottingen ta Jamus a 1910, sa'an nan a 1915 ya ƙaura Amurka. Daga baya ya sami aiki a gidan duban taurari na Lick, a kan wani dutse a Kalifoniya.

Ga wuyar aikin. In aka duba Kaza da madubin hangen nesa, sai a ga taurari barkatai, amma waɗansu suna can baya da nisa, waɗansu kuwa sun fi kusa da mu. Jeri kawai suka yi a ido. Ƙaƙa za a raba su? Kun ga ayari in ya ratsa kasuwa, ba da fuska a ke gane mutanensa ba, sai da tafiyarsu: hanya ɗaya, sauri ɗaya. Haka Trumpler ya yi. Ya yi aiki da awon ɗan gusawar da kowane tauraro ya yi cikin shekaru masu yawa, ya ware waɗanda suka nufi waje guda. A 1921 ya buga jerin 'ya'yan Kaza na ainihi.

Amfanin wannan babba ne. Da ya ke nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne, wanda ya fi haske shi ya fi haske da gaske, galibi kuwa shi ya fi nauyi. Yanzu an san 'ya'yan Kaza sun haura dubu. Manyan da mu ke gani 'yan kaɗan ne, mafi yawa ƙanana ne jajaye da ba su kai rana nauyi ba. In baƙi suka shiga lissafin, duk ya ɓaci.

A 1930 ya gwada gungu ɗari irin na Kaza, sai lissafi ya nuna wai na nesa sun fi na kusa faɗi. Bai yarda ba. Ya gane ƙura ce a tsakanin taurari ke dushe haskensu, kamar hazo lokacin hunturu, har a ka zaci sun fi nisa. A ganina wannan ne babban aikinsa. Shi ma ya taɓa kuskure: nauyin da ya ba waɗansu manyan taurari a 1935 bai tabbata ba.

Ya koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley har 1951, ya mutu a 1956.