Rashidi Yekini: Daga Masaƙar Kaduna Zuwa Kofin Duniya

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna a 1963, ya kuma fara taka leda a ƙungiyar masaƙar UNTL. Ya yi wa Shooting Stars ta Ibadan da Africa Sports ta Abijan wasa, kafin Vitória de Setúbal ta Fotugal ta ɗauke shi a 1990. A 1993 ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A 1994 ya zura wa Bulgeriya ƙwallon farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar kofin duniya, ya riƙe raga yana kuka. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasarsa. Ya rasu a Ibadan a 2012, bayan shekaru na kaɗaici, nesa da sowar ƴan kallo.