Indira 'Yar Nehru A Zamanin Yaƙin Hitila

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wata mace wadda duniya ta san sunanta, amma kaɗan ne suka san wuyar da ta sha tana budurwa. Sunanta Indira, 'yar Jawaharlal Nehru, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyar Congress masu neman mulkin kai daga hannun Turawan Ingila. An haife ta a birnin Allahabad na ƙasar Indiya ran 19 ga Nuwamba, 1917. Ita kaɗai Allah ya bar wa iyayenta.

Ba ta sami zama da ubanta sosai ba, gama kullum yana shiga kurkuku yana fita. Amma bai bar karatunta ba. Tsakanin 1930 da 1933 ya rubuta mata wasiƙu 196 daga kurkuku, yana koya mata tarihin duniya. Uwarta Kamala ta rasu cikin 1936, sa'an nan ita ta tafi makaranta a Oxford.

Da yaƙi ya tashi cikin Satumba 1939, Wakilin Sarkin Ingila ya sa Indiya ciki ba tare da ya shawarci shugabannin ƙasar ba. Indira kuwa tana fama da ciwon huhu, aka kai ta asibiti a Siwizalan. Tana kwance can sojan Jamus suka ci Faransa, hanya ta toshe. Da ƙyar ta bi ta Fotugal ta isa Ingila a farkon 1941, ta tarar ana ruwan bom a Landan. Daga nan ta shiga jirgin ruwa, suka kewayo ta Afirka ta Kudu domin hanyar Bahar Rum ba ta biyuwa. Da ta sauka gida sai ta iske ubanta a ɗaure tun Oktoba 1940.

Ran 26 ga Maris, 1942, ta auri Feroze Gandhi. Kada ku ruɗe, ba dangin Mahatma Gandhi ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Mutane da yawa sun yi gunaguni don shi ɗan kabilar Parsi ne, ita kuwa Hindu, amma ta tsaya a kan maganarta.

Amarci bai daɗe ba. Ran 8 ga Agusta jam'iyyar Congress ta ce Turawa su bar Indiya. Kashegari da asuba aka kama Nehru da sauran shugabanni, aka kulle shi a ganuwar Ahmednagar. Indira ba ta ɓuya ba. Cikin Satumba ta tashi tana yi wa jama'a jawabi a Allahabad, 'yan sanda suka kama ta duk da mijinta. Aka kai ta kurkukun Naini ba tare da an yi mata shari'a ba. Can ta tarar da gwaggonta, Vijaya Lakshmi Pandit, aka haɗa su wuri guda. A ciki ta cika shekara 25. Sai cikin Mayu 1943 aka sake ta, watau bayan wajen wata 8. Cikin wannan shekara ne sojanmu na Afirka ta Yamma suka fara sauka Indiya za su Bama. Ta haifi ɗanta Rajiv cikin Agusta 1944, kakansa yana ɗaure har Yuni 1945.

Indiya ta sami mulkin kai ran 15 ga Agusta, 1947, Nehru ya zama Firayim Minista. Indira ta hau wannan kujera cikin 1966. To, ga abin da ya sa na ɗauko labarin. Cikin Yuni 1975, da mulkinta ya fara girgiza, sai ta kafa dokar ta-ɓaci, ta rufe bakin jaridu, aka tsare dubban mutane ba shari'a. Cikinsu har da Jayaprakash Narayan, tsoho wanda shi ma ya sha ɗauri a hannun Turawa. A zaɓen 1977 gwaggon nan da suka kwana kurkuku tare ta fito tana roƙon jama'a su ƙi ta, suka kuwa ƙi ta. Ta komo mulki cikin 1980, ran 31 ga Oktoba, 1984, biyu daga cikin masu tsaronta suka harbe ta.

Ni dai ina girmama ƙarfin zuciyarta. Amma na lura shan wuya shi kaɗai ba ya koya wa mutum tausayi, sai in ya riƙa tunawa da gangan. Mu ma nan gaba za a ba kowannenmu aji, da alli, da iko a kan yara. Yawancinmu mun sha bulala a kan laifin da ba wanda ya tsaya ya ji bakinmu. Ran da yaro ya tsaya gabanka yana rawar jiki, ka fara jin ta bakinsa tukuna kafin ka yanke masa hukunci. Allah ya ba mu ikon tunawa, amin.