Taƙaitaccen Tarihin M. G. Smith, Manazarcin Sarautar Zazzau

Duk ɗalibin da ya nemi sanin tsarin sarauta a ƙasar Hausa, da wuya ya wuce bai ci karo da sunan Michael Garfield Smith ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa ba ɗan Ingila ba ne. An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika a shekarar 1921, watau shi ma ɗan ƙasar da Turawan Ingila suka mallaka ne, kamar mutanen da ya zo nazari.

Da fari adabi ne ya ja hankalinsa, har yana rubuta waƙoƙi da Ingilishi. Ya tafi Jami'ar McGill a Kanada, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse karatun, ya shiga sojan Kanada aka kai shi fagen fama a Turai. Bayan an sallame shi a 1945 ya taɓa karatun lauya a Landan, bai daɗe ba ya koma ilmin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, watau anturofoloji, a Kwalejin Jami'a ta Landan. Malaminsa shi ne Farfesa Daryll Forde, masanin al'ummomin Afirka ta Yamma. A 1948 ya sami digirinsa na farko.

Abin lura a nan shi ne, ɗan wannan karatu ne guzurin da ya iso da shi lardin Zazzau a 1949, da kuɗin wata hukumar bincike ta gwamnatin mulkin mallaka. An koya masa ya dubi dangantaka, da aure, da gado, da muƙamai, ya tambayi wa ke ƙarƙashin wa, kuma don me. Da waɗannan tambayoyi ya shiga ƙauyuka da fada. Inda shi namiji ba ya iya shiga, matarsa Mary ta shiga, ta zauna da wata tsohuwa ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Shi ne littafin Baba of Karo na 1954, wanda Smith ya yi wa gabatarwa.

Littafinsa da ya fi shahara, Government in Zazzau, ya fito a 1960. A ciki ya kwatanta sarautar Haɓe da ta koma Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, da ta Fulani a Zariya, daga 1800 zuwa 1950. Aiki ne mai zurfi, sai dai ya jingina ƙwarai a kan rabon jama'a gida biyu, Haɓe da Fulani. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya ƙi yarda a fassara jihadi da wannan ma'auni na ƙabila, kuma a ganina hujjarsa ta fi ƙarfi. Duk da haka, masu sukar Smith ma ba su daina buɗe littattafansa suna neman bayanin sarautu ba.

Ya koyar a Jamaika da Amurka, ya kuma gaji kujerar malaminsa Forde a Landan a 1969. Littafinsa kan Daura ya fito a 1978. Ya rasu a Ingila a 1993, na Kano kuwa sai a 1997 aka buga shi.